Manhaja ta san ruwa, ba ta san yashi ba

Duk wanda ya fara hawan igiyar ruwa, wato tsayawa a kan dogon allo igiyar teku tana tafiya da shi, tambayar da bakinsa ke fara sabawa da ita ita ce: "Gobe mita nawa?" Ni ma da daddare ake turo mini ita, haɗe da hoton manhajar waya mai hasashen tsayin igiya, an zagaye wata lamba da jan layi. Mita ɗaya da rabi. Mita biyu. A ce in shirya allo tun da dare. Amsata ba ta canzawa, har abokai sun mayar da ita abin tsokana: sai na je na ga yashi.

Bakin tekun da nake shiga, ƙasansa rairayi ne zalla, babu dutse babu murjani. Ruwan da ɗumi shekara zagaye, ba ka bukatar rigar roba mai kauri irin ta masu shiga tekun Turai. Wannan shi ne daɗinsa. Wahalarsa kuma ita ce ƙasan ba ya zama wuri ɗaya. A Teahupo'o na tsibirin Tahiti, inda aka yi gasar hawan igiya ta Olamfik a 2024, igiyar tana karyewa ne a kan murjani, kuma inda ta karye shekaru ashirin da suka wuce nan take karyewa yau. Wanda ya san wurin zai iya gaya maka inda za ka tsaya tun yana kan gado. A kan yashi ba haka ba ne. Wurin da ya yi mana daɗi a watan jiya, wannan watan kana iya tarar da shi ya zama rami, igiya ta wuce ta kansa ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Igiya ba ta karyewa don ta iso gaɓa, tana karyewa ne don ruwan da ke ƙarƙashinta ya yi mata kaɗan. Masana sun auna: idan zurfin ruwa ya ragu ya kai kusan tsayin igiyar da sulusinsa, sai ƙasanta ya ja baya, samanta ya zarce, ta kife. Igiya mai mita 1 tana karyewa a zurfin da ya kai kamar mita 1.3. Ke nan siffar ƙasan ita ce ke zana siffar igiyar. Idan tudun yashin da ke cikin ruwa ya miƙe sambal yana bin gaɓa, to duk tsawon igiyar zai iske ƙarancin ruwa a lokaci guda, ta faɗo gaba ɗaya kamar katangar laka da damina ta ci gindinta. Ba inda za ka bi. Ka miƙe a kan allo, kafin ka daidaita ƙafa ta rufe ka. Amma idan tudun yana da tsini a tsakiya, da kwari mai zurfi a dama da hagu, sai igiyar ta fara karyewa a tsinin, ta riƙa warwarewa a hankali zuwa gefe biyu. Mutum ɗaya ya yi dama, wani ya yi hagu, kowa ya samu rabonsa. Irin wannan tudun muke nema, kuma babu tauraron ɗan'adam ko na'urar da ke shawagi a tsakiyar teku da za ta gaya maka ko yana nan yau.

Na daɗe ina lura da yadda yashin ke tafiya, kuma yana da tsari, ba hauka yake yi ba. Idan aka yi kwanaki ana manyan igiyoyi, sai su kwashe rairayin gaɓa su kai shi can ciki, su jera shi dogon tudu ɗaya miƙaƙƙe. A lokacin ne mutane ke rububin zuwa saboda lambar da suka gani a waya, kuma a lokacin ne wurin ya fi lalacewa. Bayan ruwan ya lafa, ƙananan igiyoyi su fara turo yashin suna mayar da shi gaɓa kaɗan-kaɗan. Ba ya dawowa daidai wa daida. Wani gefen ya riga wani, tudun ya lanƙwashe, wasu sassan su manne da gaɓa, ruwan da ke komawa ciki ya haƙa wa kansa hanya a tsakaninsu. Wannan tsaka-tsakin shi ne lokacin cin moriya. Idan lafawar ta yi tsawo kuma, yashin ya gama hawowa gaɓa, kwarurrukan su cike, sai igiya ta koma karyewa a kan busasshiyar ƙasa, inda take karya alluna da kafaɗu. Wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Wright da Short, sun tsara waɗannan matakai a 1984, kuma abin da suka rubuta shi ne abin da duk mai zuwa bakin teku da ido buɗe yake gani.

Wanda ke shakkar ƙarfin yashi ya tambayi mutanen Mundaka a arewacin Sifen. Can ba ƙasar zafi ba ce, amma darasin ɗaya ne. Igiyarsu tana cikin waɗanda suka fi suna a Turai, kuma tudun yashin bakin kogi ne ke haifar da ita. A 2003 aka yashe kogin don wani jirgi ya samu hanyar fita, tudun ya watse, igiyar ta ɓace, har aka soke gasar duniya da aka saba yi a wurin a 2005. Tekun bai daina turo ruwa ba ko rana ɗaya. Sai da yashin ya sake taruwa kafin igiyar ta dawo.

Ba ina cewa a jefar da manhaja ba ne. Ina duba ta, amma ba tsayin igiya nake fara kallo ba. Lambar da ke gefenta, wadda yawancin mutane ke tsallakewa, ita ce tazarar da ke tsakanin igiya da mai bi mata, a sakan. Igiyar da iskar kusa ta tayar tana zuwa duk sakan 5 ko 6, a hargitse, ba ƙarfi. Wadda ta taso daga nesa tana zuwa duk sakan 12, 14, har 18, a jere, da nauyi. Bambancin ba ƙarami ba ne. A ruwa mai zurfi, igiya mai tazarar sakan 8 tsawonta daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa kusan mita 100 ne. Mai sakan 16 kuwa kusan mita 400. Kuma igiya tana fara jin ƙasa tun a zurfin da ya kai rabin tsawonta, don haka doguwar ta fara lanƙwasa da tattara ƙarfi tun tana can nesa da inda ido ke kaiwa. Shi ya sa mita 1 mai sakan 15 za ta iya fin kanka tsawo idan ta iso, mita 1 mai sakan 6 kuwa ko ƙugu ba za ta kai ba.

Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne nisan da ruwan ke tafiya kafin ya same mu. Kusa da layin da ya raba duniya biyu, guguwar teku ba ta cika haɗuwa ba, domin juyawar duniya ba ta da ƙarfin murɗa iska a wurin. Mafi yawan igiyoyin da ake hawa a ƙasashen zafi 'ya'yan hadarin wasu wurare ne, musamman tekun kudu mai sanyi da ke zagaye da Antatika, inda iska ke kaɗawa ba tare da wata ƙasa ta tare ta ba. Ƙarfin igiya mai sakan 15 yana tafiyar kusan kilomita 42 a awa, wato kamar kilomita 1,000 a yini. Hadarin da ya yi ɓarna a nisan kilomita 6,000, sai bayan kwana shida saƙonsa ke iso mana, rana tana haske, sama tas. Walter Munk, masanin teku na cibiyar Scripps a Amurka, ya tabbatar da wannan a 1963, lokacin da shi da abokan aikinsa suka jera na'urori daga New Zealand har Alaska suna bin igiyoyi iri ɗaya suna ratsa tekun Fasifik. Shi ne dai wanda tare da Harald Sverdrup suka ƙirƙiro hanyar hasashen igiya a Yaƙin Duniya na Biyu, don sojoji su san ranar da za su iya sauka a gaɓa. Lissafin da ke cikin wayarka jikan wancan ne.

Sai dai a nan ne nake saɓawa da abokaina. Su da sun ga sakan 16 sai murna. Ni kuwa a kan yashi ba na murna da ita sosai. Igiyar nesa tana isowa a miƙe, layi ɗaya mai tsawon gaske, kuma idan ba ta tarar da tudu mai kyau ba, rufewa take yi gaba ɗaya, da ƙarfin da zai cusa maka rairayi har cikin kunne. Ranakun da na fi jin daɗi su ne masu tazarar sakan 9 zuwa 12, musamman idan igiyoyi biyu suka zo daga kusurwa daban-daban suka gitta juna. Inda suka haɗu sai ruwan ya yi tsini, ko da ƙasan bai da wani fasali. A manhaja irin wannan ranar ba ta da kwarjini, shi ya sa sau da yawa mu uku ko huɗu ne kawai a ruwa.

Akwai wuraren da suka fita daga wannan ƙa'ida. Zicatela a Puerto Escondido, jihar Oaxaca ta Meziko, yashi ne, ƙasar zafi ce, amma tana karɓar manyan igiyoyin kudu daga wajen watan Mayu zuwa Satumba ta naɗe su kamar kogon dutse da mutum zai tsaya a ciki. Sirrin shi ne kwazazzabon da ke ƙarƙashin teku dab da gaɓar, wanda ke barin igiyar ta iso da ƙarfinta cikakke, ya kuma lanƙwasa ta. Mutane sun mutu a wurin. Kallo nake yi a bidiyo, kuma kallon ya ishe ni.

Iska kuwa, a ƙasar zafi kusan agogo ce. Da dare ƙasa ta fi ruwa saurin yin sanyi, don haka da asuba iska mai laushi ke fitowa daga tudu zuwa teku. Tana bugun fuskar igiyar, ta riƙe ta a tsaye na ɗan lokaci, ta share ta ta yi sumul, kana ganin feshin ruwa na tashi ta bayanta. Da rana ta ɗaga, ƙasa ta ɗauki zafi, iskar kanta ta tashi sama, ta teku ta shigo ta maye gurbi. A wurinmu tun wajen hantsi ake fara jin ta a wuya. Kafin azahar ta tura igiyoyin ta baya, sun ruguje tun ba su miƙe ba, ruwan duk ya yi ƙuraje. Wanda ya ce zai yi barci ya zo bayan karin kumallo, iyo ya zo yi. Wani lokaci da la'asar sakaliya, bayan an yi ruwan sama ƙasa ta huce, iskar takan mutu gaba ɗaya a samu awa guda mai kyau kafin duhu, amma wannan kyauta ce, ba a dogara da ita.

A saman wannan akwai iskar shekara. A tsibirin Bali na Indonesiya, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba iskar kudu maso gabas ke kaɗawa, don haka gaɓar yamma, inda bakin tekun Kuta yake, ita ke gyaruwa. Da damina ta shigo iskar ta juyo daga yamma, Kuta ta hargitse, teku ya riƙa amayo shara a kan rairayi, masu alluna su koma gabashin tsibirin. A gaɓar Afirka ta Yamma da ke fuskantar kudu, irin su Busua a Gana da Tarkwa Bay a Legas, manyan igiyoyi na zuwa ne daga wajen Mayu zuwa Satumba, lokacin da kudancin Atilantika ke cikin sanyi da hadari, amma iskar lokacin daga teku take. Da hunturu kuwa, iskar arewa maso gabas na fitowa daga tudu, ruwan ya yi tsaf, sai dai igiyoyin ƙanana ne. Girma da tsabta ba su cika haɗuwa a wata ɗaya ba, kuma ni in aka ba ni zaɓi, ƙarama mai tsabta zan ɗauka.

Saura cikar teku da janyewarsa. A yawancin gaɓoɓi yana cika sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, don haka kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Kowane tudun yashi yana da zurfin da yake so. Wanda nake hawa a yanzu, idan ruwa ya janye ƙwarai sai ya yi kaɗan, igiyar ta rufe. Idan ya cika taf kuma sai ta wuce ta kansa ta je ta fashe a gaɓa. Tsakiyar cikowa yake so, kuma a nan ne ruwan ya fi saurin canzawa, domin rabin duk ruwan da zai shigo cikin awa shida yana shigowa ne a awa ta uku da ta huɗu. Minti arba'in kan isa wuri ya tashi daga banza zuwa daɗi, ya sake komawa banza. To haɗa wannan da maganar iska: kana bukatar tsakiyar cikowa ta faɗo da sassafe. Hakan na faruwa ne 'yan kwanaki kawai a cikin kowane mako biyu. Abin sauƙin shi ne wata ne ke jan ragamar. Lokacin tsayuwar wata da lokacin cikarsa teku ya fi cika ya fi janyewa, kuma a wuri ɗaya hakan na faɗowa kusan a sa'a ɗaya ta yini kowane zagaye. Idan ka riƙe kwanan wata a ka, ka san rabin jadawalin ba tare da ka buɗe waya ba. Masunta haka suke yi tun kafin a haifi kakan mai manhajar.

Wani dattijo masunci ne ya fara nuna mini kwarin da ruwa ke komawa ta cikinsa. Yana gyaran koma a gindin kwalekwalensa, na tsaya ina kallon wani wuri da ruwan ya yi duhu ya kwanta, babu kumfa, alhali dama da hagu igiyoyi na ta fashewa. Na ce, "Baba, can kamar ya fi lafiya." Bai ko ɗago ba ya ce, "Yaro, ruwa ba ya tsami banza. Ta nan muke fitar da jirgi, don shi ke kai mu ciki ba sai mun wahala ba." Duk ruwan da igiyoyi suka tulo gaɓa dole ya koma, kuma ta kwarin da ke tsakanin tudu biyu yake bi. Wurin ya fi zurfi, shi ya sa igiya ba ta karyewa a kansa, shi ya sa kuma baƙo ke zaɓarsa ya shiga da 'ya'yansa. Yawanci gudunsa bai wuce rabin mita a sakan ba, amma an auna wanda ya kai mita 2.5, wanda ko zakaran ninƙaya na duniya ba zai iya gaba da shi ba. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da ake cetowa a gaɓoɓi masu igiya, wannan ruwan ne ya ja su. Ba ya dannar mutum ƙasa, waje yake kai shi, kuma yakan saki da zarar ya wuce tudun. Abin da ke kashe mutane shi ne firgita da ƙoƙarin dawowa ta inda aka fito har ƙarfi ya ƙare. Ka kwanta a kan ruwa ka numfasa, ka ɗaga hannu a gan ka, in kana da ƙarfi ka yi iyo ta gefe zuwa inda farin kumfa yake. Kumfan da ke ba ka tsoro shi ne zai turo ka gida.

Ga mai allo, wannan kwarin hanya ce. Ta cikinsa nake fita, gashina ko jiƙewa bai yi ba, in karkata in zauna a gefen tudun. Yana ƙara ƙarfi idan ruwa na janyewa, kuma bayan jerin manyan igiyoyi yakan yi wani irin fizga na 'yan mintuna. Idan maɗaurin da ya haɗa ƙafarka da allo ya tsinke a lokacin, kai ma ka koma cikin sahun masu iyo, don haka wanda bai iya ninƙaya sosai ba kada allo ya ruɗe shi.

Sauran abubuwan ƙasar zafi ƙanana ne amma suna ɓata rana. Kakin da ake gogawa a allo don kada ƙafa ta zame iri-iri ne, kuma wanda aka yi don ruwan sanyi narkewa yake a ruwan da ya haura digiri 24, ka riƙa zamewa kana zargin ƙafarka. Allon da aka bari a rana ko a cikin mota rufaffiya yakan kumbura ya ɓare. Rana tana cin bayan wuya da bayan gwiwa, wuraren da ba a tunawa da su, kuma ƙishirwa ba ta sallama idan kana cikin ruwa. A wurin da ruwa bai da zurfi ina jan ƙafa ne a ƙasa maimakon ɗagawa, saboda kifin nan mai faɗi da ke binne kansa a yashi, mai ƙaya a wutsiya. Bayan ruwan sama mai yawa kuma ba na shiga kusa da bakin kogi ko magudana. Hukumomin lafiya a Kalifoniya suna ba da shawarar a jira awa 72, kuma ban ga dalilin da zai sa ƙwayoyin cuta su fi tausayi a ruwan ɗumi ba. Abin haushin shi ne bakin kogi ne ke gina tudun da ya fi kowanne kyau, don haka kullum akwai wanda zai shiga ruwan yana ja kamar kunu, ya kwana biyu yana fama da kunne da ciki.

Idan na iso da safe, ba na kwance allo nan take. Ina hawa wuri mai ɗan tudu in tsaya kamar minti goma sha biyar, domin igiyar nesa jeri-jeri take zuwa, kuma tsakanin jeri da jeri teku na iya kwanciya minti goma har ka rantse babu komai. Ina ƙirga nawa ke zuwa a jeri, in ga ta nawa ce ta fi girma, in duba ko wuri ɗaya suke karyewa ko kowacce da inda ta ga dama. Ina neman duhun kwari da launin yashin da yake kwashewa zuwa ciki. Sau da yawa taron mutane na can inda suka ga wani ya fara shiga, alhali mita ɗari biyu ƙasa akwai tsini da ba kowa a kai. Kafin in shiga kuma sai na zaɓi alama biyu a kan gaɓa, bishiyar kwakwa a gaba da wani rufin gida a bayanta, in daidaita su a layi ɗaya. Idan igiyoyi na zuwa a karkace, ruwan yana jan mutum ta gefe ba tare da ya ji ba, kuma cikin minti biyar kana iya barin tudun ka koma tsakiyar kwari kana jiran igiyar da ba za ta karye a nan ba. Da na waiga na ga bishiyar ta rabu da rufin, sai in kwanta in tuƙa in koma.